Saitin Kyamara a Na'urar Hangen Nesa da Batun Duban Jinjirin Wata

Na'urar hangen nesa tana tattara hasken da ya shigo ta bakinta ta haɗa shi a wuri guda, kuma a daidai wurin nan kaɗai hoto yake fitowa tangaran. Gilashin leƙawa yana da nasa mazauni a bututun, farantin da ke ɗaukar haske a cikin kyamara shi ma yana da nasa, kuma ba kasafai suke dacewa ba. Shi ya sa mutum zai leƙa ya ga tauraro ɗigo guda, ya zare gilashin ya zura kyamara, allon kwamfuta ya nuna masa baƙi ƙirin.

Wannan ya shafi gardamar da ke tashi duk ƙarshen Sha'aban da na Ramadan, lokacin da hotuna masu dishi-dishi ke yawo a WhatsApp da Facebook da sunan jinjirin wata. Wasu sun ɗauka duk wanda ya mallaki na'ura ya riga ya ga wata, wasu kuma suna cewa na'urar ce ke ƙirƙiro shi. Duka biyun kuskure ne. Na'urar da ba a saita ba tana baza haske har siririn jinjiri ya narke cikin jan sararin magariba. Ga kuma Zara, wadda a wasu watanni takan fito cikin na'ura da siffar lauje sak irin ta jinjiri, ta ruɗi wanda bai saba ba.

Da magariba sau da yawa babu abin da za a yi saiti a kansa a sararin yamma, don haka masu ɗaukar hoton taurari suke gama aikin tun daren jiya. Ana juya na'urar ga tauraro mai haske, a sa kyamara, a riƙa murɗa maɓallin saiti a hankali har tauraron ya tsuke iyakar tsukewa, sannan a ɗaure maɓallin. Sai a zare kyamarar a zura gilashin leƙawa, a riƙa turawa da jawowa da hannu, ba tare da an taɓa maɓallin ba, har ido ya ga tauraron tsaf. A nan ake ɗaure wa gilashin wani ɗan zoben ƙarfe mai sukuru, yadda ba zai sake wuce wurin ba. Aikin zoben ɗaya ne da ƙullin da mai jan ruwa yake yi a igiyar guga a rijiya mai zurfi, don ya san inda gugan ke taɓa ruwa ba sai ya leƙa ba. Daga ranar, idan ido ya ga abu sarai ta wannan gilashi, kyamara ma za ta gan shi.

An fi sanin dabarar wajen saita ƙaramar kyamarar jagora. Sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, injin da ke ɗauke da na'urar yana binta, ita kuma kyamarar jagora tana zuba ido kan tauraro guda tana gyara wa injin kuskurensa. Farantinta 'yan milimita ne kawai, saiti na kaucewa kaɗan tauraron ya ɓace mata. Ƙarfen bututu yana miƙewa da zafin rana ya tsuke da sanyin dare, saboda haka sai an sake duba saitin kafin a fara aiki. Ba a kuma juya na'ura yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, domin leƙa rana ta cikinta yana makantarwa nan take.

Saiti mai kyau ma yana da iyaka. Masanin taurari ɗan Faransa André Danjon ya nuna a shekarun 1930 cewa ido ba ya ganin jinjiri idan tazararsa da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba. A ranar 8 ga Yuli 2013 wani mai ɗaukar hoton taurari, Thierry Legault, ya ɗauki hoton wata a daidai lokacin haihuwarsa, da hantsi, da kayan aiki na musamman. Ko irin wannan hoto zai tsaya a matsayin gani, hukunci ne na malamai da fadar Sarkin Musulmi, wadda ke sanar da tsayuwar wata a Najeriya.

Ta fuskar wurin duba kuwa, ƙasar masarautar Gumel, daga Gagarawa da Sule Tankarkar har Maigatari a bakin iyakar Nijar, shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunin da ke tare yamma, fitilu kuma ba su yi yawa ba. Babban cikas shi ne hazon hunturu, wanda kan haɗiye rana tun kafin ta faɗi. Wuri irin wannan ya cancanci a koya wa matasansa aikin, domin na'urar da aka kulle a ofis sai ranar 29 ga wata a fito da ita bayan la'asar ba ta da lokacin da za a saita ta a kan tauraro.