Auren Sarki Henry na Takwas da Anne ta Cleves da Yadda Aka Rushe Shi

A wannan maƙala za mu duba auren da tsoron yaƙi ya ƙulla tsakanin Sarki Henry na Takwas na Ingila da Anne ta Cleves. A shekarar 1538 Sarkin Faransa Francis na Ɗaya ya yi sulhu da Sarkin Sarakuna Charles na Biyar, Fafaroma kuma ya fitar da Henry daga cocin Katolika. Ingila ta zama saniyar ware. Sai waziri Thomas Cromwell ya nemo wa sarki yayar William, mai mulkin Cleves a ƙasar Jamus, wanda shi ma yake jayayya da Charles a kan lardin Guelders.

Aka ɗaura aure ran 6 ga Janairu 1540. Lalle sarki bai so amarya ba, amma a ganinmu ba ƙiyayya kaɗai ta kashe auren ba. Cikin 'yan watanni zumuncin Francis da Charles ya yi tsami, surukutar ta rasa amfani.

Ya kamata mu lura cewa ba saki aka yi ba, domin dokar coci ba ta san saki ba. Hukuncin da malaman coci suka yanke ran 9 ga Yuli shi ne tun asali babu aure, wai an riga an yi mata baiko da ɗan mai mulkin Lorraine a 1527, kuma sarki bai amince da zuciya ɗaya ba, bai kuma sadu da ita ba. Anne ba ta yi gardama ba. Aka ba ta fadar Richmond da laƙabin 'yar'uwar sarki, ta rayu har 1557. Cromwell kuwa, an fille masa kai ran 28 ga Yuli 1540, ranar da sarki ya auri Catherine Howard.