Abin da ya kamata ku sani: zamanin da shugabannin coci ke riƙe da sarauta

Duk wanda ya ratso Fagge ya shiga Sabon Gari da safiyar Lahadi zai tarar da majami'u cike maƙil, cikinsu har da Our Lady of Fatima, babbar cocin 'yan Katolika na Kano. Bishop ɗin da ke jagorancinta ba shi da dogari, ba ya karɓar haraji, ba ya ɗaure kowa. Sha'anin mulkin unguwar na hannun ƙaramar hukumar Fagge da gwamnatin jiha. Amma a Turai an yi zamanin da bishop shi ne wuƙa, shi ne nama.

Mu Kanawa ba mu da wahalar gane wannan, domin Sulaimanu, sarkin Kano na farko bayan jihadi, malami ne kafin a naɗa shi. A Turai ma addini da sarauta sun daɗe a hannu ɗaya.

A shekarar 756 Sarki Pepin na Faransa ya mallaka wa Fafaroma yankuna a tsakiyar Italiya. Daga nan Fafaroma ya zama sarki sosai, da baitulmali da alƙalai da mayaƙa, har ta kai Fafaroma Julius na Biyu ya ja runduna da kansa zuwa Bologna a 1506. Daular ta wuce shekara dubu kafin sojojin Italiya su ƙwace birnin Rum a 1870. Abin da ya rage shi ne Batikan, ƴar ƙasa mai hekta 44 da aka amince da ita a yarjejeniyar 1929.

A Jamus kuwa, manyan bishop-bishop na Mainz da Trier da Cologne suna cikin mutum bakwai masu zaɓen sarkin daular ƙasar. A ganina nan ɓarnar ta fi yawa. Tunda kujerar bishop na tafe da ƙasa da haraji, sai gidajen sarauta suka riƙa cusa ƴaƴansu a kanta, ko da ibada ba ta dame su ba. A 1803 aka rushe kusan dukkan waɗannan masarautu.

Cocin Katolika ta ɗauki darasi. Kundin dokokinta na 1983 ya hana limamai riƙe muƙamin mulki, shi ya sa bishop ɗin Gboko ya dakatar da Fada Hyacinth Alia daga hidima a 2022 da ya fito takarar gwamnan Binuwai. Kafin shi an yi Fada Moses Adasu a kujerar nan a 1992, shekarar da Rabaran Jolly Nyame ya hau ta Taraba.

Sai dai a lura da bambancin: bishop ɗin Mainz limancinsa ne ya ba shi mulki, su kuwa waɗannan ƙuri'a ce ta kai su. An rantsar da Alia ranar 29 ga Mayun 2023 bisa tsarin mulkin Najeriya, kamar kowane gwamna.