Kaurin Baƙin Mai Ba Shi Ne Gatan Sabon Inji Ba

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a makonnin da suka biyo baya, duk abin da ake zuba wa mota ya yi tashin gwauron zabi, har da baƙin mai. Tsadar ta farfaɗo da tsohuwar gardama a garejoji da majalisun masu motoci: wanda Allah ya hore wa sabuwar mota, wane mai zai juye mata, sintetik mai tsada ko na gargajiya da aka saba? Amsar da ta fi yawo ita ce ta bakanike, bayan ya ɗiga man a yatsa ya murza: "Alhaji, wannan ai ruwa ne, na ƙasar sanyi ne. A zafin nan namu sai mai kauri." Daga nan sai a ɗauko galan ɗin 20W-50 a ɗura wa injin da aka rubuta 0W-20 ɓaro-ɓaro a kan murfinsa. Wannan magana tana cutar da sababbin injuna fiye da yadda masu su ke zato, kuma ba ta da tushe.

Lambobin nan da ke jikin galan ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE. Wadda ta zo kafin harafin W tana nuna yadda man ke gudana idan inji ya kwana ya huce, ta biyun kuma tana nuna kaurinsa a zafin digiri 100. An zaɓi wannan zafin ne domin a wajensa mai ke aiki da zarar mota ta ɗauki hanya, a Sakkwato take ko a Landan. Ruwan lagireto da fanka da tamostat su ke riƙe inji a wannan matsayi. Ke nan zafin digiri 42 na watan Afrilu, wanda ke hana mutum barci, bai kai ko rabin abin da man ke fuskanta a cikin inji ba. Murza mai a yatsa a inuwar gareji ba zai gaya wa kowa halin da zai shiga a can ciki ba. Abin takaici ma, sau da yawa mai kukan zafin shi ne zai cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ya hana injin kaiwa zafin da aka tsara masa.

Injin yau ba irin na jiya ba ne. Tazarar da ke tsakanin ƙarafansa ta matse ƙwarai, kuma aikin mai ya wuce sulɓi kawai. A injunan Toyota masu VVT-i da na Honda masu i-VTEC, matsin mai ne ke sauya lokacin buɗewa da rufewar bawul, ta wasu ƙananan hanyoyi masu ɗauke da 'yar raga wadda ba ta kai girman farce ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗura zuma ta ƙaramin mazurari da safiyar hunturu ya san abin da ake nufi: zumar lafiyarta lau, amma sai ta ga dama take sauka, abin da ke ƙasa kuma yana jira. Haka mai kauri ke yi idan aka tayar da mota da asuba. Kafin ya hau saman inji, ƙarfe ya riga ya gogi ƙarfe na 'yan daƙiƙoƙi, kuma kaso mai yawa na cinyewar inji a irin wannan lokaci yake faruwa. Ba rana ɗaya injin zai buga ba, shi ya sa ba a ɗora laifin a kan man. Sai dai a fara jin ƙara da safe, fitilar gargaɗi ta kunnu, shan fetur ya ƙaru, a ce ai motocin zamani ba su da ƙarko.

A nan batun sintetik ya shigo. Man gargajiya tace shi ake yi daga ɗanyen mai, don haka ƙwayoyinsa ba girma ɗaya ba ne, kuma akwai ragowar kaki da sulfa a cikinsa. Sintetik kuwa ko dai a haɗa shi daga sinadarai, kamar yadda Mobil 1 ya fito a 1974, ko a sarrafa ɗanyen man da iskar haidirojin har ƙwayoyinsa su daidaita. Wannan kashi na biyu ya samu damar ɗaukar sunan ne bayan taƙaddamar Mobil da Castrol a Amurka a 1999, kuma shi ne mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan sintetik a yau. Amfaninsa shi ne ba ya daskarewa sosai a sanyi, ba ya tsinkewa sosai a zafi, kuma yana daɗewa bai ƙone ya koma baƙin dauɗa mai toshe hanyoyin mai ba. A 2017 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada nau'ikan biyu, ta samu sintetik ya fi na gargajiya da kashi 47 cikin ɗari a matsakaici. Wato hujjar zafi da ake kafawa don guje masa, ita ce ma babbar hujjar amfani da shi. Sannan da wuya a samu 0W-20, balle 0W-16 da ake zuba wa Camry ta 2018 mai silinda huɗu, wanda ba sintetik ba ne. Mai irin wannan mota kamfani ya riga ya yanke masa hukunci.

Za a ce ai Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna ta yi shekaru aru-aru tana shan mai kauri ba ta koka ba. Gaskiya ne, domin a kansa aka ƙera ta, kuma wanda ke da tsohuwar mota da littafinta ya yarda da man gargajiya ba shi da dalilin ɓarnar kuɗi. Za a kuma ce mota iri ɗaya da aka kai ƙasashen Larabawa littafinta yakan halatta 5W-30 ko abin da ya fi shi kauri. Wannan ma haka ne. To sai a buɗe littafin a zaɓa daga cikin abin da ya lissafa, domin waɗanda suka rubuta shi sun gwada injin. Batun cewa dole sabon inji ya fara da man gargajiya kafin ƙarafansa su zauna, shi ma ya shuɗe, tunda motoci da yawa da sintetik a cikinsu suke barin masana'anta.

Inda masu goyon bayan sintetik ke zarce gona da iri shi ne tsawon lokacin juye. Toyota a Amurka ta yarda a kai kusan kilomita 16,000 da 0W-20, amma ta rage shi zuwa 8,000 ga motar da ke bin hanya mai ƙura ko take yawan tsayuwa inji na aiki. Ƙurar hunturu da cunkoson cikin gari sun sa galibin motocinmu suna wannan rukuni na biyu. Sintetik ba ya hana ƙura shiga, kuma zuba shi a kan tsohuwar filta asara ce.

A cikin hujjojin masu guje wa sintetik, ɗaya ce ke da nauyin gaske, ita ce ta jabu. Mai mai tsada shi ne abin da maha'inta suka fi kwaikwaya, suna tattara galan da aka zubar su cika da man da ba a san asalinsa ba, su sake liƙe baki. Ingantaccen man gargajiya ya fi sintetik na jabu nesa ba kusa ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON takan sanar da kame jefi-jefi, amma muddin ana sayar da mai a buɗaɗɗen durom da gorar ruwa a bakin titi ba mai tambaya, aikinta da saura. Kafin hukuma ta tashi tsaye, nauyin yana wuyan mai mota. Ya karanta abin da ke kan murfin injinsa da littafinsa, ya sayi man a gidan mai na kamfani ko wurin dilan da aka amince da shi, ya duba alamar ingancin mai ta API ko ta kasance SP ko wadda littafin ya nema, ya tsaya a fasa galan a gabansa, sannan ya huda shi kafin ya bar garejin.