Bikin makaranta a Japan da darasin da ke cikinsa ga Batsari da Safana

Duk shekara, galibi tsakanin Satumba da Nuwamba, makarantun sakandare a Japan kan ware kwana ɗaya ko biyu su buɗe ƙofa ga iyaye da maƙwabta domin bikin da suke kira bunkasai, wato bikin al'adu. Malaman ƙasashen waje da ke koyar da Turanci a ƙarƙashin shirin JET, wanda gwamnatin Japan ta fara a 1987 da mutum 848 daga ƙasashe huɗu, sukan ba da labarin wannan rana. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne yadda malami ke komawa ɗan kallo, ɗalibai kuma su karɓi ragamar komai.

Yadda ake shirya shi

Makonni kafin ranar, kowane aji kan zauna ya yi muhawara, ya kaɗa ƙuri'a a kan abin da zai gabatar. Wani aji ya mayar da ɗakin karatunsa gidan shayi, wani ya shirya wasan kwaikwayo, wani ya gina gidan ban tsoro da kwali da baƙin yadi. Kwamitin ɗalibai ne ke tsara jadawali da rabon wurare. Baƙon malami yakan tsinci kansa yana taya fenti da yamma, ko an gayyace shi ya hau dandali. A nan yake gane cewa yaron da ba ya buɗe baki a darasin Turanci shi ne ke shugabantar ajinsu. Idan an tashi, ɗaliban ne ke sharewa su mayar da kujeru mazauninsu.

Bikin na cikin manhajar da ma'aikatar ilimin Japan ta shimfiɗa, a sashen da ake kira tokkatsu, wanda ya ƙunshi taron aji, majalisar ɗalibai da bukukuwan makaranta. Manufarsa ita ce yaro ya koyi shawara, saɓani cikin ladabi da ɗaukar nauyi. Masar ta ga amfaninsa, ta buɗe makarantu 35 a kan wannan tsari a 2018.

Namu na gida

Makarantunmu ma suna da irin nasu: ranar al'adu, gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai, muhawara da kacici-kacici, da ranar rabon kyaututtuka. Muna da baƙin malamai kuma. A shekarun 1970 da 1980 malamai daga Indiya, Pakistan, Masar da Ghana sun koyar a sakandaren Arewa, sannan tun 1973 masu yi wa ƙasa hidima ke zuwa daga jihohi masu nisa. A irin waɗannan ranaku ne baƙo ke ganin kokawa da rawar gargajiya, ya haɗu da iyayen yaran da yake koyarwa.

Sai dai biki irin wannan yana buƙatar abubuwa uku: ɗalibai su tsaya bayan an tashi domin shiri, iyaye su taso daga ƙauyuka, jama'a su taru a fili ba tare da fargaba ba. Waɗannan ukun su ne rashin tsaro ya fara taɓawa a Batsari da Safana, masu iyaka da Dajin Rugu.

Bayan sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020, waɗanda aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana na jihar. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Shugaban makarantar da ke ƙirga ɗalibansa da safe yana addu'ar su koma gida lafiya, ba zai kira taron ɗaruruwan mutane ba.

Abin da ya kamata a tambaya

A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, mai naira biliyan 144.8. A 2025 kuma aka yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama na Katsina, ciki har da waɗannan biyu. Hukumomi sukan auna nasara da yawan makarantun da aka sake buɗewa da katangar da aka gina. Wannan awo ya gaza, domin yaron da ya shekara shida a sakandare bai taɓa zaɓen shugaban kwamiti ko riƙe kuɗin aji ba, zai isa rumfar zaɓe ba tare da ya taɓa gwada hakan ba.

Saboda haka matasan yankin suna da haƙƙin tambayar ma'aikatar ilimi ta jiha, shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin iyaye da malamai: makarantu nawa ne a Batsari da Safana suka yi ranar al'adu ko rabon kyaututtuka a bara, iyaye nawa suka halarta, kuma wa ya shirya, malamai ko ɗalibai? Amsar za ta nuna ko zaman lafiyar da ake magana a kai ya iso harabar makaranta.