Famfon da ke mutuwa bayan hazo

A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Galma Kudawace, cikin gundumar Madawa, akwai tankin roba bisa ƙafafun ƙarfe, injin sola na ɗura masa ruwa daga rijiyar burtsatse. Tiyo biyu ke fita daga gindinsa. Na kusa, mai zuwa bakin masallaci, bai taɓa ba kowa ciwon kai ba. Na nesa, mai zuwa garkar albasar mata a hayin ƙorama, shi ne mai taurin kai: yau ya zuba, gobe a murɗa kan famfo ya yi tari, ya tofa, ya yi tsit. A hau tsani a leƙa tanki, ga ruwa ya wuce rabi.

Zargi ya fara faɗawa kan mutane, kamar kullum. Aka ce wani ya huda tiyo yana shayar da dabbobinsa da dare. Samari suka bi shi taku-taku. A ƙasar Adar da rani, duk inda ruwa ke ɗiga ciyawa ce ke tona asiri, amma ko danshi ba su gani ba. Aka koma kan yashi, aka kwance kan famfo, aka wanke, aka mayar. Shiru.

Mai gyaran da aka ɗauko daga Madawa bai buɗe jakarsa da wuri ba. Ya ce yashi in ya toshe tiyo ya toshe ke nan, ba ya kamawa yau ya saki jibi. Ya juya wajen dattijuwar da ke riƙe da makullin garka.

"Inna, wace rana yake mutuwa?"

"Ɗana, ni dai abin da na lura, in hazo ya yi kwana biyu, washegarin da gari ya waye fes, ranar nan ba mu da ruwa."

"Yana dawowa da kansa?"

"Wani sa'in da la'asar, in tanki ya cika har yana zuba. Shi ma ɗan tsirit."

Rabin amsar ke nan. Hazo na rufe rana, ƙura na kwanciya kan farantan sola, inji ya yi sanyi, mutane su kwashe tanki har ƙasa. Da bakin tiyo ya fito fili, iska ce ke shiga. Sai dai tiyon masallaci ma yana shan wannan iskar, me ya sa shi ba ya tsayawa?

Mai gyara ya bi tiyon nesa da ƙafa, yana ɗaga shi da hannu. Dutse ya hana a binne shi, don haka bisa ƙasa aka shimfiɗa shi. Kafin ƙorama akwai ganuwar duwatsu ta tare ruwan sama, irin wadda ta yaɗu a Adar tun aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya. Tiyo ya hau ganuwar, ya gangara cikin ƙorama, ya sake hawa zuwa garka. Daga tanki har kan ganuwa da nauyi. Daga nan zuwa gindin ƙorama sakayau. Hawan ƙarshe kuma da nauyi.

A nan maganar take. Tiyon da ya gangara ya sake hawa tamkar mangala ce a bayan jaki: ruwan gangara ke ɗaukar nauyin ruwan hawa. Ruwa kuwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka da iska ta zauna a gangarar, ɓangare ɗaya na mangalar ya zama fanko. Mai gyara ya auna da igiya. Saman ruwan tanki ya ɗara kan ganuwa da mita 2, hawan garka kuma mita 2 da rabi ne. Biyu ba ta ture biyu da rabi. In tanki ya cika maƙil tazarar ta kusa mita 3, shi ne ɗan tsirit ɗin Inna na la'asar. Tiyon masallaci gangara ce zalla, iskar da ta shiga ba ta da wurin maƙalewa. A Tawa ko Yamai ƙarfin ruwan gari kan tura irin wannan iskar ta fice. Tankin ƙauye ba shi da wannan ƙarfin.

Aka aro injin ban ruwa daga wani mai albasa, aka haɗa shi da famfon garka, aka turo ruwa daga ƙasa. Wani yaro da ke kan tsani ya yi ihu wai tanki na tafasa. Iska ce ke fita. Aka cire inji, famfo ya zuba.

Daga nan ya yanka tiyo daidai kan ganuwa ya sa mashaƙar iska, ƙaramar kwalba mai ƙwallo a ciki, wadda ke sakin iska, in ruwa ya iso ƙwallon ya taso ya rufe bakin. Ya fi so a karkatar da tiyon ta inda ganuwar ta ƙare, amma kuɗin asusun mata bai kai na ƙarin tiyo ba. Ya ja layi da fenti a jikin tanki, taƙi ɗaya sama da bakin tiyo, ya ce in ruwa ya sauko nan a rufe. In kuma tanki ya ƙafe duk da haka, a buɗe famfon garka tukuna, sannan a saki ruwan a hankali. Mai unguwa ya so riƙe makullin rufewar, mata suka ce a ƙara wa Inna a zaren makullinta.