WAƘAR DAMINA DA TAFIYAR RUWA

A cikin rubutattun waƙoƙin Hausa akwai wata mai suna Waƙar Damina, wadda Malam Na'ibi Sulaimanu Wali na Kano ya yi. Irin wannan waƙa ba a karanta ta da garaje. Da fari mu rera ta baiti baiti, don mu ji karinta. Sa'an nan mu tsince kalmomin da suka shige mana duhu, mu nemi ma'anarsu. Daga bisani sai mu tambayi kanmu: ruwan nan na damina daga ina ya ke zuwa, ina kuma ya ke tafiya?

Amsa tana nan a madafinmu. In ruwa ya tafasa a tukunya, sai tururi ya tashi. In muka ɗaga murfi, sai mu ga ɗigo-ɗigon ruwa a jikinsa. Tururin ne ya taɓa abu mai sanyi, ya koma ruwa.

To, haka rana ta ke yi wa teku, ko da ya ke ba ta tafasa shi. Zafinta ya kan tā da tururi, gishiri kuwa ya zauna a teku. Shi ya sa ba mu jin gishiri a ruwan sama. Can bisa akwai sanyi ƙwarai, sai tururin ya koma 'yan ɗigo ƙanana, watau gizagizai. In ɗigon suka haɗu suka yi nauyi, sai su zubo.

Da rani iskar hunturu ta kan taso daga Hamada, busasshiya, sai ƙura. Da bazara ta yi, sai iska ta juya, ta taso daga kudu maso yamma, ɗauke da laimar Tekun Atlantika. Amma hadari yawanci daga gabas mu ke ganinsa, domin iskar da ke can bisa yamma ta ke kora shi. A ƙasar Kano a kan fara ruwa wajen watan Mayu ko Yuni, ya fi yawa a Agusta, ya ɗauke wajen Oktoba.

Ruwan da ya zubo ya kan kasu uku. Wani rana ta sake ɗauke shi. Wani ya nutse ƙasa, shi ne amfanin gona ke sha, shi mu ke ja a rijiya. Wani ya bi rafi. Kogin Kano da na Calawa su kan haɗu su zama Kogin Haɗeja, su nufi Tafkin Cadi. Kogin Kaduna da na Sakkwato kuwa Kwara su ke faɗawa, ita kuma ta kai ruwan teku, inda ya fito.

Wannan sani yana da amfani. A farin 1973 amfanin gona ya ƙone, dabbobi da yawa suka mutu. Ba mu da ikon kawo hadari, amma muna iya riƙe ruwan da ya zubo. Itatuwa da ciyawa da taki su ne ke sa shi ya nutse. In muka sassare itatuwa, muka ƙone daji, sai ruwa ya gudu da ƙasar noma, ya bar mana zaizaya, rijiyoyi kuma su yi saurin ƙafewa.

Saboda haka, in mun rera waƙar damina, kada mu tsaya ga daɗin murya kaɗai. Kowa ya duba gonarsa, ya ga inda ruwa ke bi, ya tare shi da kunya da itace.