Jigon Neman Tsira da Rai a Ƙagaggun Labarai

Jigo, wato ainihin saƙon da labari ya ginu a kansa, yakan zama neman tsira da rai idan marubuci ya raba tauraronsa da kariyar dangi da hukuma, ya bar shi tsakanin barazana biyu: ta muhalli, kamar teku da hamada da yunwa, da kuma ta 'yan'uwansa mutane. Misalin da aka fi kawowa daga adabin Ingila shi ne Robinson Crusoe na Daniel Defoe, wanda ya fito a 1719, inda tauraron ya shafe shekara 28 a tsibiri yana noma da kiwon awaki, amma hankalinsa bai taɓa tashi ba kamar ranar da ya ga sawun ƙafar mutum a bakin teku.

William Golding ya tsananta wannan tunani a Lord of the Flies na 1954, domin tsibirin da wasu yaran makaranta suka faɗa yana da abinci wadatacce, kisan da ya auku kuwa a tsakaninsu ya taso.

A adabin Hausa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, ya haɗa barazanar biyu da gwaninta, tunda satar mutane da cinikin bayi ne suka raba Umar da mahaifiyarsa, sannan guguwar yashi ta binne ayarin da Umar yake ciki a Sahara. Bambancinsa da Crusoe, wanda dabarar hannunsa ta rayar da shi, shi ne marubucin ya jingina kuɓutar Umar ga ƙaddara da kiyayewar Allah.